Na Tafi Bangui In Baro Mahaifata

Mun bar Bouar ana idar da sallar asuba, ni da wata maƙwabciyata da za ta je sarin atamfa. Maigida ya raka mu tasha, ya tsaya har aka ɗaure jakata a saman mota, sannan ya leƙo ta taga ya ce, "Ki bari su duba tukuna kafin ki yanke shawara." Na ce to. Amma ni a raina na riga na yanke tuntuni. Ku da kuka yi ta aiko mini da saƙo kuna tambayar ina na shiga ɗinkinku yana jira, to ga inda na shiga. Bangui na tafi a cire mini mahaifa.

Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara duk lokacin al'ada. Aka ce in na yi aure zai wuce. Na yi, bai wuce ba. Aka ce sai na haihu. Na haifi huɗu, ciwon yana nan, sai ma gaba da ya yi. Yanzu na haura arba'in, kuma abin ya kai in wata ya zagayo sai in rufe keken ɗinki da zane in nemi tabarma, in yi ta amai, mara da baya kamar ana matse wanki. Babu jiƙon da ban sha ba, hulba ce, kanwa ce, citta ce, da saiwoyin da har yau ban san sunansu ba. Ƙwayar kashe ciwo kuwa na sha har ta fara ƙona mini ciki. A asibitin garinmu suka ce su dai sun kai iyakarsu, in je Bangui a ɗauki hoton ciki in ga likitan mata. Na zaɓi ranar tafiya cikin 'yan kwanakin nan da jikina yake zama nawa.

Hanyar dai kun santa. Kwalta wani wuri akwai ta, wani wuri sai dai labarinta. Mu biyar aka jera a kujerar mutum uku, ƙarƙashin ƙafata kuma kajin wani dattijo da suka yi ta tsattsagar yatsuna har Baoro. Manyan motocin kaya daga Kamaru suna tafe jere, in muka shiga bayansu sai mu yi ta shaƙar hayaƙi har direba ya sami wurin wucewa. Shingaye kuwa na daina ƙirgawa. Kowanne sai an sauka, a nuna kati, a gaisa da masu kaki, gaisuwar da ba a yin ta hannu wofi. Maƙwabciyata ba ta gajiya da magana, ta ba ni labarin farashin atamfa tun daga Douala har Bangui, ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina dafe ƙugu duk lokacin da muka faɗa rami.

A Yaloke muka tsaya cin abinci. Sai da muka zagaya muka sami mahauci Bahaushe, don mu tabbatar da yankan, ya yanka mana gasasshen nama na sefa dubu ɗaya wanda bai rufe tafin hannu ba. Muka haɗa da mangbele, wannan rogon da ake naɗewa a ganye a dafa, mai ɗan tsami. Na ci loma uku na ba maƙwabciyata sauran. Bayan Boali ruwa ya sauko, aka rufe tagogi, muka dahu a ciki. Ana dab da magariba muka kai shingen Kilomita Sha Biyu, ƙofar Bangui, inda aka sauke kayanmu duka aka sake ɗaurewa. Kafin tasi ta ajiye ni a Titin Koudoukou, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Gidan Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina, a wani lungu bayan kasuwar Kilomita Biyar. Tsohuwar 'yar kasuwa ce, turaren wuta da kayan ƙamshi take sayarwa, amma gwiwoyi sun zaunar da ita. A wurinta 'yata ta fari take. Tun da na yaye ta Goggo ta zo ta ɗauke ta, a hannunta ta girma, yanzu ta kusa ashirin tana karatu. Ita Goggo take kira Mama, ni kuma Adda, kamar yayarta. Ni ma kamar yadda na taso na ga ana yi, ba na kiran sunanta, ba na zama tabarma ɗaya da ita, ban taɓa yi mata kitso ba. In zan aike ta sai in ce "ke", ina kallon wani wuri. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa a taƙaice, ta ɗauki jakata ta kai ɗaki. Hausarta ta yi rauni, Sango da Faransanci sun fi zama a bakinta, in ta rasa kalma sai ta tsaya tana murza yatsu.

A nan matsalar ta fara. Likitan da aka tura ni wurinsa baƙo ne a ƙasar, Faransanci yake yi, Sangon nasa bai fi nawa ba, nawa kuwa na cinikin zare da maɓalli ne. Goggo ba ta iya hawa babur, maƙwabciyata ta nutse cikin kasuwa. Goggo ta ce, "Ai ga yarinyar nan, ta raka ki ta yi miki tafinta." Na ce a nemo wata. Ta ce wa za a nemo, kowa yana shagonsa. Haka na hau babur ɗaya, ita ta hau wani, muka ratsa cikin gari zuwa asibitin.

Mun sami layi tun daga bakin baranda. Muka zauna, na bar tazarar mutum ɗaya tsakaninmu, wata mai ciki ta zo ta cike wurin. Sai bayan azahar aka kira mu. Likitan mutum ne mai sanyin magana, ya gyara tabarau ya fara tambaya, yarinyar tana juya mini da Hausa kanta a ƙasa. Tambayoyin farko na amsa, shekaruna, haihuwa nawa, ɓari nawa. Sai ya shiga waɗanda ba su amsuwa. Jinin yana zuwa da gudaji? Yana ɓata shimfiɗa? Ciwon yana tashi lokacin bayan gida? Yana tashi lokacin kwanciyar aure? Yarinyar ta faɗi ta ƙarshen nan da muryar da da ƙyar na ji. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni in buɗe baki in gaya wa 'yar fari abin da ke tsakanina da ubanta? Na kafa wa bango ido na ce a'a. Ta sake wata tambayar na ce ba sosai ba. Daga ƙarshe na ce, "Ke, ki ce masa ni dai a cire kawai."

Ta faɗa masa. Ya ajiye alƙalami ya yi magana mai ɗan tsawo. Ta ce, "Ya ce ba zai cire wa mace mahaifa a kan ciwon da ta ce ba sosai ba ne." Ya rubuta mini magani, ya ce a ɗauki hoto, in dawo wani makon. Da muka je kantin magani aka miƙo, sai na ga ƙwayar nan ce dai da na shekara ina sha a Bouar. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi. Na yini a mota da kaji a ƙafata don in zo in karɓi abin da ake sayarwa a bakin layinmu.

Hoton ma sai da ya wahalar da ni. An ce in sha ruwa in cika mara kada in yi fitsari. Na sha, na cika, sai aka ɗauke wuta. Muka zauna jiran mai tayar da injin, mu wajen mata shida, kowa ta harɗe ƙafa ba mai iya dariya. Da aka gama aka ba ni takardar a ambulan, na nemi bayan gida da gudun da na manta ina iyawa.

Kwanakin jira na yi su a tsakar gidan Goggo. Unguwar ba ta hutawa. Tun safe ƙarar babura, masu turin kaya suna ihu a ba su hanya, 'yan canji zaune bakin titi da damin kuɗi a hannu kamar ba kuɗi ba. Na shiga kasuwa sau ɗaya neman allurar keke, na ga komai akwai, komai kuma da tsada, mai shago ya ce kuɗin hanya ne daga Kamaru. Wasu bangayen har yanzu da tabon harsashi na shekarun tashin hankali, an shafa fenti amma ana gani. Ranar Juma'a sahu ya fito daga masallacin Koudoukou har kan titi, muna jin huɗuba daga gida. Abinci kuwa gozo ne, tuwon rogo, da miyar ganyen rogo da gyaɗa. Goggo ta ce shekarunta a Bangui sun fi nawa a duniya amma har yau cikinta tuwon masara yake nema.

Labarina ya riga ya zaga lungu, don Goggo ba ta iya riƙe magana. Mata suka yi ta shigowa sannu, kowa da shawararta. Goggo dai ba ta goyi baya ba. Ta ce, "Abin da Allah Ya halicce ki da shi, ki koma maSa da abinki. Mu ma mun yi ciwon nan, haƙuri muka yi har jinin ya ɗauke." Wata mai sayar da ƙanƙara ta ce an cire wa yayarta, tun daga nan ta zama kamar ba ita ba, kullum zafin jiki da faɗa. Wata Hajiya mai shagon takalma kuwa ta jira sai da suka watse, ta matso ta ce, "Ƙanwata, ni an cire mini. Na sha jinya, ba zan ɓoye miki ba. Amma yanzu ina azumina cikakke, ina zuwa Douala in dawo ba na lissafin kwana." Na saurari kowa. Maganar Hajiyar ce ta zauna mini, don ita nake so in ji.

Ana saura kwana biyu in koma asibiti al'adar ta zo, kafin lokacinta. Bayan la'asar ne, ina tsince shinkafa, na ji marata ta ɗaure. Kafin in kai ɗaki na durƙushe. Na yi amai a bakin ƙofa, na rarrafa na hau tabarma na dunƙule, zufa tana keto mini. Duk shekarun nan ban taɓa bari yarinyar ta gan ni a haka ba, in na zo Bangui da lissafi nake zuwa. Ina jin motsinta ta share wurin, ta fita, ta dawo. Sai na ji ɗumi a marata. Kwalba ce ta cika da ruwan zafi ta naɗe da tsumma. Ta kawo ta biyu ta tura mini a ƙasan baya, daidai wurin da ko maigida sai na nuna masa. Sannan ta ɗaga gwiwoyina ta sa matashi.

Da na ɗan sami numfashi na ce, "Wa ya koya miki?" Goggo ce ta amsa daga bakin ƙofa, ta ce, "Ai ita ma haka take yi duk wata, har makaranta take fashi. Na gaya mata in ta yi aure zai wuce."

Na rufe ido. Ban san tana yi ba. Ta yaya zan sani, ni da ba na tambayarta ko ta ci abinci? Goggo ta ja ƙafa ta tafi alwala. Yarinyar ta zauna a gefen tabarmar, abin da ba ta taɓa yi ba, tana murza yatsu tana neman kalmomi. Ta ce, "Adda, ranar nan na yi wa likita ƙarya da bakinki. Na san ƙarya ne, amma ba ni da abin faɗa sai abin da kika ba ni. In mun koma, ki faɗa. Ni ba zan dube ki ba."

Ranar komawa da ƙyar na hau babur, jikina duk ya yi laushi. Da muka shiga na ja mayafi na rufe rabin fuska, ita kuma ta juya kujerarta ta ba ni baya, ta fuskanci likitan. Ya ɗan yi mamaki, ya ɗauki alƙalami. Na yi wa ƙeyarta magana. Na faɗi gudajin, na faɗi zannuwan da nake wankewa a ɓoye kafin yara su tashi, na faɗi yadda nake tsoron shiga bayan gida a kwanakin. Na faɗi ta kwanciyar auren ma, cewa na daɗe ina cije leɓe ina yin shiru. Ko wannan ba ta tsallake ba, na gane daga tsawon maganarta. Likitan ya yi ta rubutu, har ya juya shafi.

Sannan ya ɗauko hoton ya yi bayani a hankali, tana juya mini. Mahaifar ta kumbura. Irin fatar nan ta cikinta da ke zubewa duk wata ta kutsa cikin naman mahaifar kanta, shi ya sa take jini a inda ba shi da mafita. Ya ce cirewa tana cikin magani, kuma bai ga laifina da na nema ba. Amma aiki ne babba. Sai na kawo mutum biyu da za su ba da jini saboda ko ta kwana, sai na yi makonni ban taka keke ba, haihuwa ta ƙare, kuma in ciwon ya taɓa wani wuri bayan mahaifar, ba lallai ya tafi duka ba. Kafin a kai nan akwai ƙwayar da ake sha ba hutu don a dakatar da al'adar, akwai allura, akwai kuma wani ɗan abu da ake sawa cikin mahaifa, irin na tazarar haihuwa amma mai sakin magani a hankali. Shi ya fi ba ni shawara. Ya ce watannin farko zan iya ganin ɗigon jini ba tsari, kada in tsorata. In gwada wata shida. In bai yi ba in dawo, shi da kansa zai yi aikin.

Na ce ta gaya masa na gaji da gwaji, rabin rayuwata a gwaji na yi shi. Ya ce ya sani, amma wannan in bai yi ba ana ciro shi, mahaifa kuwa in ta fita ba ta komawa. Zaɓi nawa ne. Ina jin marata tana ja. Gaskiya wuƙar na zo nema, kuma har a lokacin ita nake so. Amma yau ne karo na farko da wani ya san ainihin ciwon, na ga bai kamata in ƙi shawarar farko da aka ba ni a kan gaskiya ba. Na ce a sa.

Ya fara tattara takardu, na ce, "Ke, ban gama ba. Ki ce masa akwai wata mai irin ciwon, ba ta kai ashirin ba, har makaranta take fashi. Ki ce masa uwarta ba ta so ta jira aure." Ƙeyarta ta tsaya cak. Likitan ya ɗago kai. Sai ta faɗa masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya jawo sabuwar takarda. Na tashi na fita baranda na ba su wuri.

Abin da za a sa ɗin sai da aka zaga kantunan magani uku kafin a samu, kuɗinsa kuma ya cinye abin da na ware na sayo yadi. Sawar ba ta ɗauki lokaci ba, amma na ji a jikina. Goggo ta yi murna ba a yanka ni ba, ta ce addu'arta ce, ban yi mata gardama ba. Na huta kwana biyu muka kamo hanya, maƙwabciyata da dilolin atamfarta, ni da jakata yadda na je da ita. Shingayen suna nan, ramukan suna nan. Na yi barci daga Bossembele har kusan Baoro. Da muka iso maigida yana tasha, ya dubi yadda nake tafiya da ƙafata, ya ce, "Ba a yi ba ke nan." Na ce ba a yi ba tukuna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma ban ji daɗin koyonsa ba. Na yi shekaru ina cewa likitoci ba su san ciwona ba, alhali ban taɓa gaya wa ko ɗayansu rabinsa ba. Kunyar da aka yabe ni da ita tun ina yarinya ta kusa sa in dawo gida da ƙwayar bakin layi, kuma ta sa 'yata ta yi shekaru tana dunƙulewa a ɗaki ban sani ba. Ba zan ce wa kowa ta cire ko kada ta cire ba, ni kaina ban san inda tawa za ta ƙare ba. Ɗigon da aka ce yana nan, ciwon bai yi sallama ba, ina dai jira in gani. Masu ɗinki ku ƙara haƙuri, na fara taɓawa kaɗan-kaɗan.

Shekaranjiya yarinyar ta kira ni a waya, ita da kanta, ba Goggo ce ta miƙa mata ba. Ta ce an ɗora ta a kan magani, an kuma ce ta riƙa cin hanta da ganye. Ta tambayi jikina na gaya mata yadda yake. Har za mu yi sallama sai ta ce, "Adda, in wannan bai yi ba, in sai an yi aikin, kada ki nemi mutum biyu. Ki nemi ɗaya. Na je an gwada, jinina zai shige ki."

Abin da ya zo bakina faɗa ne. Na ce, "Ke da aka ce ki ci hanta?" Ta ce tana ci. Na ce to ta ƙara, don ni ba zan karɓi jinin mai jiri ba. Ta yi dariya. Ni kuwa na gode wa Allah da a waya ne, ba ta ganin fuskata.